Aikinmu da ɓeraye da na'urar leza

Mu a ɗan ɗakin gwajinmu aiki ɗaya muka riƙe, a kawo mana magani ko ruwan saiwa mu gwada a jikin ɓera, mu ga yana buɗe ƙananan jijiyoyin jini ne ko tsuke su yake. Yawanci ɗaliban mastas ne ke zuwa, wannan da zoɓo wancan da tafarnuwa, kowa so yake a ce nasa na aiki.

Na'urarmu laser Doppler ce, haske take harbawa cikin fata zurfin kamar milimita 1, ya bugi jajayen ƙwayoyin jini masu tafiya ya dawo a sauye, sauyin nan kwamfuta ke zanawa. Ba za ta ce maka mililita kaza na jini ya wuce ba, lambar kwatance ce kawai, shi ya sa dole a auna kafin allura da bayanta a wuri ɗaya tak, in bakin na'urar ya goce ko kaɗan aiki ya tashi.

Inda gwaninta take shi ne ɗumi. Ɓera in an sa masa maganin barci jikinsa sanyi yake yi, jijiyoyin fata su tsuke, sai ka ɗauka maganin ne alhali sanyi ne. Mu a kan shimfiɗa mai ɗumi muke kwantar da shi, digiri 37 ba ragi. Maigidana da na koya a hannunsa, Allah ya jiƙansa, ba ya bari a taɓa sirinji sai layin da kwamfuta ke zanawa ya kwanta luf, ko da za a wuni, in ka yi gaggawa kallon da zai maka ma ya ishe ka. Shi ya dasa min al'adar fara gwada ruwan gishiri, sannan sodium nitroprusside da aka san yana buɗe jijiya, in na'ura ba ta nuna wannan ba to ranar ba aiki.

Amma wallahi masu kawo ɓeraye sun ishe ni, ka ce Wistar, wani nau'in ɓeran gwaji, masu nauyin gram 180 zuwa 200, a kawo maka yara da kakanni a keji ɗaya. Ga masu auna hawan jini a wutsiya su rubuta wai gudun jini a tsoka suka auna, a kan rabin farashinmu, sai ɗalibi ya zo yana min ciniki da farashinsu. Ba na ragewa. Kuma in ba takardar kwamitin kula da haƙƙin dabbobi a hannunka, kar ma ka wahalar da kanka zuwa.