Suga da sukari: yadda na bi sawun kalma har Indiya

Musu ne ya ja ni. A teburin mai shayi na ce a ƙara mini suga, sai wani dattijo ya ce, "Yaro, sukari ake cewa." Na ce, "Ai Baba, sukarin ma daga Turanci aka lanƙwaso shi." Murmushi kawai ya yi. Daren nan na kwana a kan ƙamus, kuma tun shafin farko na ga ni ne ban da gaskiya.

Turawan Ingila ba su da kalmar sugar sai wajen ƙarshen ƙarni na 13, kuma aro suka yi daga tsohon Faransanci, sucre. Faransawa sun samo ta ta hannun Italiyawa masu cewa zucchero, su kuma daga Larabci, sukkar, domin Larabawa ne suka yaɗa noman rake a tsibirin Sisili na Italiya da Andalus ta ƙasar Sifen. Mutanen Sifen har da "al" ɗin da Larabawa ke sa wa a farkon suna suka haɗiye, shi ya sa suke cewa azúcar. A nan na so in tsaya in ce asalinta Larabci ne. Ashe Larabawan ma baƙuwa ce a wurinsu: daga Farisanci shakar, shi kuma daga sharkara na Sanskirit, tsohon harshen Indiya, inda ma'anarta ta fari ita ce tsakuwa. Duk wanda ya taɓa murza sukari tsakanin yatsu ya san dalili.

Inda na fi shan kunya shi ne sautin "sh". Da na ga shakar, sai na yanke cewa daga can Bature ya gaji furucinsa na "shuga". Kwana biyu ina ta gaya wa mutane. Daga baya na lura kalmar Faransancin da Ingilishi suka ara ba ta da wannan sauti, bakin Ingilishi ne ya sauya shi daga baya, kamar yadda ya yi wa sure. Kama da wane ba ta wane. Tun daga nan ba na ƙulla kalma da kalma sai na ga ta hannun wa ta biyo, kuma a wane ƙarni.

Sukarinmu kai tsaye ya zo daga Larabci, suga kuwa sai da ya zaga ta Turai. Washegari na je na gaya wa dattijon. Ya ce, "To, biya mini shayin."