Godiya ga waɗanda suka tsaya mini a makonni bakwai na jiran magani

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Da yawa daga cikinku sun lura cewa na ɓace kusan wata huɗu, ba a ganina a wurin aiki, ba na ɗaga waya, saƙonni kuma sun taru babu amsa. Ciwon damuwa mai tsanani ne ya kwantar da ni, kuma tun da Allah ya ba ni ikon zama in yi dogon rubutu, na ga bai kamata in ƙara jinkirta godiya ba. Ranar Litinin da ta wuce na koma wurin likita, ya sake miƙo mini takardar nan mai tambayoyi 9 da ake kira PHQ-9, wadda ake auna nauyin ciwon da ita. Ranar da na fara cike ta na samu maki 23 cikin 27, alhali duk wanda ya kai 20 ana lissafa shi cikin masu tsananin ciwo. A wannan karon 6 na samu. Alhamdu lillahi.

A cikin watannin nan duka, babu lokacin da ya kai makonnin da suka biyo bayan fara shan magani wahala, kuma saboda su ne nake wannan rubutu. Na shiga asibiti da tunanin mai zazzaɓi, wato a sha ƙwaya da dare a tashi da sauƙi da safe. Likita ya rubuta mini sertraline, miligiram 50 sau ɗaya a rana, ya kuma gaya mini ƙarara cewa irin wannan magani yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara jin alamarsa, sannan mako 6 zuwa 8 kafin ya kama jiki sosai. Na ji maganar da kunnena, amma ban san nauyinta ba sai da na koma gida. Ga mai lafiya mako shida kamar yau ne, amma ga wanda yake farkawa ƙarfe 3 na dare da nauyi a ƙirji kamar an ɗora masa dutse, ya kwanta yana kallon rufin ɗaki yana lissafin sa'o'in da suka rage kafin wani daren ya zo, mako shida bai da bambanci da a ce masa har abada.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne illolin maganin sun riga amfaninsa isowa. Kwana biyu da farawa tashin zuciya ya zo, sai ciwon kai, sai gumi cikin dare, faɗuwar gaban da nake fama da ita kuma ta ninka. A rana ta 9 na ce wa mai ɗakina na gama da wannan ƙwaya, domin ta fi ciwon cutar da ni. Ba ta yi mini gardama ba. Ta kira likita, ta kara mini wayar a kunne, ta tsaya a kaina har muka gama.

Likita, ba zan ambaci sunanka ba, amma ka san kanka. Na gode da minti goma da ka ba ni a ranar, kana cikin aiki. Ka bayyana mini cewa maganin yana ƙara sinadarin serotonin tsakanin jijiyoyin ƙwaƙwalwa cikin 'yan sa'o'i, amma su jijiyoyin suna bukatar makonni kafin su sauya yadda suke amsa shi, kuma mafi yawan wannan sinadari a hanji yake, shi ya sa ciki yake fara kuka kafin zuciya ta ji daɗi. Abin da na fi gode maka a kai shi ne ba ka yi mini alkawarin ƙarya ba. Ka faɗa mini cewa a babban binciken nan na STAR*D da aka yi a Amurka da mutum kusan 4,000, kimanin ɗaya cikin uku ne suka warke sarai da maganin farko, sauran sai da aka ƙara musu wani ko aka sauya, don haka idan wannan bai yi ba akwai hanya ta biyu da ta uku. Wani zai ɗauka wannan magana za ta karya mini gwiwa, amma a wurina ita ce ta farko da na yarda da ita cikin watanni, saboda ba ta yi kama da rarrashi ba. Tashin zuciyar ya lafa cikin mako na biyu kamar yadda ka ce, a mako na huɗu kuma ka mayar da ni miligiram 100.

Mai ɗakina ita ce ta ɗauki kaya mafi nauyi. Ta tattara duk wani magani da ke gidan ta adana shi a inda ban sani ba, kullum da safe ta kawo mini ƙwaya ɗaya da kofin ruwa, sannan ta ja layi da jan biro a kan kalandar da ke bayan ƙofa. Likita ya riga ya ja mata kunne cewa makonnin farko su ne na sa ido, domin ƙarfin jiki yakan fara dawowa tun baƙin cikin bai tafi ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi a kan irin waɗannan magunguna game da haɗarin tunanin kashe kai ga yara da matasa tun 2004, a 2007 kuma ta faɗaɗa shi zuwa masu shekara 24. Na wuce waɗannan shekaru, amma ita ba ta saki jiki ba. Wani dare cikin mako na uku ta same ni zaune a bakin gado, ta zauna kusa da ni ta ce, “Maigida, don Allah ka faɗa mini gaskiya, kana tunanin kashe kanka?” Na daɗe ban ce komai ba, sannan na ɗaga kai. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi mini wa'azi ba. Ta kira Yaya, suka kwana tare da ni, gari na wayewa muka nufi asibiti. Daga baya ta gaya mini cewa likita ne ya ce mata ta yi tambayar kai tsaye, domin tambaya ba ta shuka tunanin a zuciyar mutum, ƙofar magana take buɗe masa. Ban san da wane baki zan gode miki ba. Allah ya saka miki da mafificin alheri.

Yaya, kai kuwa sai in fara da neman gafara, domin akwai safiyoyin da na ji ƙwanƙwasarka na yi fatan da ba ka zo ba. Safiya ita ce mafi munin lokaci ga mai wannan ciwo, yamma ce ke ɗan sassautawa, kai kuma da safen ka zaɓi zuwa. Kullum maganarka ɗaya ce: “Ƙanena, ba sai ka ji kana so ba. Sa takalmi mu kai ƙarshen layi mu dawo.” Minti goma ne, yawanci babu mai cewa uffan. Ma'aikaciyar da ke zama da ni don tattaunawa a asibiti ta ce abin da kake yi magani ne da aka sani, wato a fara yin aikin tukuna, sha'awarsa ta biyo baya, ita ce ma ta rubuta mini abubuwa uku kacal na kowace rana: wanka, fita rana, da cin abinci ko babu daɗi a baki. Akwai ranakun da ɗaya kawai na iya, kuma ba ta taɓa nuna mini na gaza ba. Ita ma na gode mata.

Inna ba ta taɓa jin sunan wannan ciwo ba kafin ya same ni, amma ranar da wasu masu dubiya suka fara cewa raunin tawakkali ne, in ajiye ƙwaya in daure tun da ni namiji ne, ita ce ta katse su. Ta ce, “Da ƙafarsa ce ta karye, za ku ce ya jefar da sanda?” Ban riƙe kowa a zuciya ba, na san da kyakkyawar niyya suka zo, sai dai ina roƙon a riƙa tauna irin wannan magana kafin a faɗa wa wanda da ma yake zargin kansa dare da rana. Inna, addu'arki da tsayuwarki duka sun isa gare ni. Haka nan ina gode wa shugabana a wurin aiki da ya ba ni hutu bai tsananta bincike ba, da abokan aikin da suka raba nauyina a tsakaninsu, da aminina da yake turo saƙo kowace Juma'a yana rufewa da cewa ba sai na amsa ba.

Sauƙin ya shigo ne a hankali, har ni ne na ƙarshe da ya gane. A mako na biyar na yi barci har ƙarfe 5 na asuba. A na shida mai ɗakina ta lura na cinye abin da ta zuba mini. A na bakwai na ga 'yata ta watsar da littattafanta a ƙasa, na yi mata faɗa, sai yarinyar ta ruga wurin uwarta tana murna tana cewa, “Umma, Abba ya yi mini faɗa!” Wata uku ke nan ban damu da inda aka ajiye komai ba. A wannan yammacin na ɗauko mai na ɗiga wa ƙofar ɗakinmu da ta daɗe tana ƙara, na tsaya ina buɗe ta ina rufewa kamar ƙaramin yaro.

Ban gama jinya ba. Likita ya ce zan ci gaba da maganin aƙalla wata 6 bayan na warware, kuma ba a yanke shi lokaci ɗaya, a hankali ake rage shi ƙarƙashin kulawarsa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ciwon damuwa da kusan miliyan 280, saboda haka na tabbata a cikin masu karanta wannan akwai wanda yake rana ta 9 a yau, yana riƙe da ƙwaya yana jin ta fi ciwon cutar da shi. Ina roƙonka ka kira likitanka kafin ka ajiye ta, kuma idan mummunan tunani ya zo maka, ka faɗa wa wani na kusa da kai a daren, ku tafi asibiti.

Waɗanda suka kira ban ɗaga ba, ku yi mini afuwa. Na rubuta sunayenku a takarda, kuma daga ranar Asabar in sha Allahu zan fara kira, mutum biyu a rana, domin abin da ƙarfina zai ɗauka ke nan a yanzu.