Ashe lokacin hunturu ne muka fi kusa da rana

Shekaranjiya an ɗauke wuta muna zaune a zaure kowa na fifita da kwali, sai ɗan ƙanwata ya ce min "Kawu, wai in Afrilu ya kama ranar nan saukowa take yi ƙasa-ƙasa?" Na yi dariya, amma wallahi ni ma da wannan tunanin na taso, wanda ya sha zafin Sakkwato da ke wuce digiri 40 ai ba a ganin laifinsa.

To abin mamaki, a farkon Janairu ne duniya ta fi matsawa kusa da rana, wajen kilomita miliyan 147, daidai lokacin da muke ƙudundune cikin bargo, leɓe na tsagewa, hazo ya rufe gari da ƙurar da iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele can Chadi. A farkon Yuli kuma ta fi nisa, wajen miliyan 152. Ka ga ke nan zancen kusa ko nesa bai taso ba.

Karkacewa ce. Duniya a karkace take zagaya rana, kamar digiri 23 da rabi, mu kuma Sakkwato muna wajen digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu. A Disamba rana tana ta wajen kudu, a kaikaice haskenta ke iso mana, shi ya sa ko tsakar rana inuwarka ke miƙewa arewa. Amma ƙarshen Afrilu tsakar ka take tsayawa cak, ga ƙasa ta yi wata da watanni ba ɗigon ruwa, ba gajimare, ina za ka ɓuya?

Yaron bai yarda ba, daman ƙa'idarsa ce gardama. Jiya sha biyu da rabi ta ɗan gota muka kafa taɓarya a tsakar gida, inuwar ta maƙale a gindinta kamar babu, ya zagaya ta ya sake zagayawa yana nema.

Tsakiyar Agusta ma rana na sake tsayawa haka, sai dai lokacin iskar damina daga tekun Atlantika ta kawo hadari ya yi mana laima. Na ce masa mu sake gwadawa in Allah ya kai mu, Inna ta leƙo ta ce kafin nan dai a maido mata taɓaryarta, gero na jira a turmi.