Laraba a Amstadam, ranar farko ta taron Blender

17 ga Satumba, 2025

Ƙafafuna ciwo suke amma bari in rubuta kafin barci ya ɗauke ni. Yau aka buɗe taron shekara na masu amfani da Blender, manhajar ƙera hotuna da fina-finan 3D, a Felix Meritis, wani tsohon gini a bakin ruwan Keizersgracht, kuma tun daga ƙofa na lura yawancin mutane sunan sutudiyo ko jami'a ne a jikin katinsu, nawa kuwa sunana ne kawai, don babu kamfanin da ya turo ni, da kuɗin aljihuna na sayi tikiti. Wannan ya min daɗi wallahi, abin da na gani shi zan faɗa, ba wanda zai ce in gyara masa magana.

Abin da ya cika ranar shi ne jawabin Ton Roosendaal. Mutumin da ya fara rubuta manhajar nan tun 1994 ya sanar cewa daga 1 ga Janairu 2026 zai sauka daga shugabancin gidauniyar da ke kula da Blender, Francesco Siddi zai karɓa. Jikina ya yi sanyi gaskiya. Wanda bai san tarihin ba ba zai gane ba, a 2002 kamfaninsa NaN ya karye, Blender ta kusa mutuwa a hannun masu zuba jari, sai shi ya fito ya roƙi jama'a aka haɗa Yuro 100,000 cikin mako 7 aka fanso ta, ranar 13 ga Oktoba na shekarar aka sake ta kyauta ga kowa. Ni da na koyi aikin nan a lokacin da abokaina ke yawo da filas cike da manhajojin da aka fasa, yau ta buɗe gobe ta ƙi, ga bairos, na san me kyautar nan take nufi. Ban taɓa biyan sisi ba kuma ban saci na kowa ba, da ita nake cin abinci.

Na shiga wasu laccocin bayan nan, ɗaya kan Geometry Nodes, sashen gina siffofi ta haɗa akwatunan umarni, da ya fi ƙarfina rabinsa, zan sake kallo a YouTube tunda suna sakawa. Kuma ko'ina ka juya sai ka ji ana maganar Flow, fim ɗin Latbiya da aka yi da Blender ya ci Oscar a watan Maris, mutane har yanzu murna suke kamar ɗan gidansu ne ya ci jarabawa.

Amma inda na fi ƙaruwa a layin kofi ne. Na tsaya kusa da wani dogo mai riga da hoton kan birin nan Suzanne da ke zuwa cikin Blender, muna hira ashe yana cikin masu rubuta manhajar. Ban yi wata-wata ba na faɗa masa damuwata, cewa tun daga Blender 4.0 ana buƙatar katin hoto mai ɗaukar OpenGL 4.3, wanda tsofaffin na'urori da yawa ba sa ɗauka, yaran da nake koya wa a gida kuwa tsofaffin laftof ɗin gwanjo gare su, su danna ta ƙi buɗewa, ga wuta da ba ta zama balle a bar na'ura ta kwana tana fitar da hoto da Cycles, injin fitar da hoton Blender. Bai yi min alkawarin komai ba, amma ya ajiye kofinsa ya ciro waya yana tambayata wane irin katin hoto ne a cikin na'urorin, yana rubutawa, ya kuma bayyana min cewa riƙe tsofaffin na'urori yana cin lokacin mutane kaɗan ɗin da suke da su. Na fahimce shi, ban gamsu duka ba, don in ana cewa manhajar ta kowa ce to har da mai laftof ɗin shekara goma. Duk da haka wane kamfani ne zan tsaya da mai rubuta masa manhaja kafaɗa da kafaɗa ya saurare ni haka?

Da magariba ƙanina ya kira daga Kano, ya ga labarin a wayarsa hankalinsa ya tashi. Ya ce Yaya, da gaske dattijon zai sauka? to ba sayar mana za su fara yi ba kuwa? Na ce kwantar da hankalinka ƙanina, lasisin GPL take ƙarƙashinsa, ko wa ya hau kujerar ba zai iya kulle abin da aka riga aka saki ba, in ma wani ya gwada wasu za su ɗauki rubutun su ci gaba. Abin da ya kamata mu damu da shi shi ne albashin masu aikin, wanda daga gudummawar jama'a da kamfanoni yake fitowa. Na ce in na'urarsa tsohuwa ce ya sauko da Blender 3.6 daga shafinsu tunda duk tsofaffin suna nan, ita za ta yi a na'urarsa. Ni kuma na shiga na yi rajistar gudummawar wata-wata, ƙaramar dai, daidai ƙarfina.

Gobe in Allah ya kai mu laccocin Grease Pencil, sashen zane da hannu na Blender, zan bi, akwai tambayoyin yarana da na rubuto a takarda.