Takardar Harajin Baba

Shekara 17 na yi a gidanmu ban san nawa Baba yake samu ba. Na san yana fita da tasi bayan sallar asuba, ba ya dawowa sai an idar da isha'i. Na san Mama tana kitso a wani shago a nan Bronx, a birnin New York, kuma duk wata ana aika wa kakata kuɗi a Maraɗi. Amma kowa ya tambayi Baba ya aiki, amsarsa ɗaya ce: "Alhamdu lillahi, asiri a rufe." To wannan asirin ne aka ce sai na buɗe shi a takarda kafin a taimaka mini da kuɗin jami'a.

A bazarar 2021, ina shirin shiga ajin ƙarshe na sakandare, malamar da ke ba mu shawara a makaranta ta kawo mini maganar tallafin Gates. Gidauniyar Bill da Melinda Gates ce ta fara shi a 2017, bayan an rufe tsohon shirinsu na 1999 wanda ya ɗauki ɗalibai 20,000. A lokacin, sabon yana ɗaukar mutum 300 ne kacal a shekara a duk faɗin Amurka, ya biya duk abin da ya rage bayan an cire sauran tallafin da ɗalibi ya samu. Sharuɗɗan a lokacin: ka kasance ɗan ƙasa ko mai katin zaman dindindin, makinka ya kai 3.3 cikin 4, ka fito daga jinsunan da ake kira tsiraru, wato baƙar fata, 'yan asalin Latin Amurka, 'yan Asiya da tsibiran Fasifik, ko 'yan asalin ƙasar na farko. Sannan gidanku ya cancanci Pell, kuɗin da gwamnatin tarayya ke bai wa 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, kyauta ba bashi ba. Ranar 15 ga Satumba ake rufewa.

Akwatin jinsi ya ba ni dariya da farko. A Maraɗi wa zai ce Bahaushe tsiraru ne? Daga baya dariyar ta ragu, da na karanta cewa ƙungiyoyi irin su UNCF, mai tallafa wa karatun baƙar fata a jami'a, wadda aka kafa a 1944, jikokin bayi ne suka sha wahalar gina su a lokacin da jami'o'i da yawa ba sa karɓar baƙar fata. Mu da iyayenmu suka zo jiya-jiya inuwar da wasu suka dasa muka tarar. Na cika akwatin, amma ban ƙara yi masa kallon wasa ba.

Da na iso shafin kuɗin shigar gida sai na tsaya cak. Kwana uku ina zagaye. Ni ce 'yar fari, Baba ko sunana ba ya faɗa, balle mu zauna muna lissafin aljihunsa. Na bi ta wajen Mama, ta ce ba ruwanta, ita ma ba ta taɓa ganin takardar ba. Ranar Juma'a da dare, bayan ya ci abinci, na durƙusa gefe na ce, "Baba, makaranta na son a ba ni takardar haraji ta bara."

"Ke, me za su yi da ita?"

"Da ita ake auna ko za a ba ni tallafi."

"Wato in je in ce musu ni matsiyaci ne. Roƙo muka zo yi ƙasar nan?"

Ban amsa ba. Abin da ya juya maganar ba dabarata ba ce. Washegari kawuna, wanda 'yarsa ta riga ni shiga jami'a, ya zaunar da shi ya ce, "Yaya, hanya biyu ce: ko ka nuna takarda a ba ta kyauta, ko ta ci bashin karatu mai ruwa ta yi shekara goma tana biya." Baba ya fi tsoron riba a kan kunya. Da dare ya ajiye ambulan a kan firji, bai ce komai ba, ya wuce ɗaki.

Na buɗe ni kaɗai. Fom ɗin gwamnati, FAFSA, wanda aka buɗe ranar 1 ga Oktoba, harajin shekara biyu baya yake nema, wato na 2020, shekarar da korona ta kwashe fasinja daga titunan New York. Da na ga adadin sai na tuna takalmin da na matsa aka saya mini a shekarar. Ban yi barci ba.

Wani abu kuma da ya ƙona mini rai shi ne yadda fom ɗin ke ƙirga iyali. Mu biyar ya sani. Kakata, da gwaggona da mijinta ya rasu, da 'ya'yanta huɗu, duk daga motar nan suke ci, amma tunda ba a ƙarƙashin rufinmu suke kwana ba, babu gurbinsu. Duk da haka na cancanci cikakken Pell, wanda a shekarar karatu ta 2022 ya kai dala 6,895. Da Mama ta faɗa wa kakata a waya, tsohuwa ta ɗauka dalar Nijar ce ta sefa biyar-biyar, ta ce ai wannan ko buhun gero biyu da ƙyar.

Na tsallake zagayen farko na Gates, aka nemi rubutu. Na farkon da na yi kuka ne zalla: ɗaki biyu, sanyi, mota ta lalace. Malamata ta karanta ta ce duk wanda ya kai wannan zagayen talaka ne, takardun haraji sun riga sun faɗi wannan, me na yi da hannuna? Sai na rubuta labarin adashin su Mama. Tun ina shekara 12 ni ke riƙe littafin mata 20, ina rubuta zubi, ina tuna wa mai kwasa ranarta, har na mayar da lissafin cikin kwamfuta. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin abin faɗa ba.

Ban samu Gates ba. A watan Maris saƙo ya zo, ba na cikin waɗanda za a yi wa tambayoyin baka. Kuskurena shi ne na ɗora masa rai har na bar wa'adin wasu ƙananan tallafi biyu ya wuce. Abin da ya cece ni rubutun adashin nan ne: na gyara shi sau shida na aika wurare shida, wata ƙaramar gidauniya ta ba ni dala 5,000 a shekara.

Murna ba ta daɗe ba. Jami'ar da ta ɗauke ni, da na sanar da ita kamar yadda ƙa'ida ta ce, sai ta rage nata tallafin, wai buƙatata ta ragu. Na rubuta wa ofishin tallafi takardar neman a sake dubawa, na haɗa da rasit-rasit na kuɗin da ake aikawa gida na shekara biyu, waɗanda Baba ya tara a tsohon gwangwanin madara. Shi da kansa ya ɗauko su wannan karon. Suka mayar da rabi, suka cire sauran daga bashin da suka sa mini a lissafi.

Bana ƙanena ne ke cika takardun, kuma ƙasa ta sauya. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yunin 2023, wanda ya hana jami'o'i duba jinsi wajen ɗaukar ɗalibai, shirye-shirye da dama sun cire sharaɗin tsiraru, Gates ma ya cire nasa a 2025, ya bar na ƙaramin ƙarfi. FAFSA kuma an gajarta shi, yanzu uba ne ke shiga da nasa asusun ya ba da izini, alƙaluman su tafi kai tsaye daga hukumar haraji ba tare da ɗa ya gan su ba. Na zauna kusa da Baba ina nuna masa inda zai danna. Da ya gane yaron ba zai ga komai ba, sai ya gyara zaman hularsa ya ce, "To, wannan ya fi mutunci." Ya juya allon wayar gefe, duk da ni na riga na sani.