Albam: Asalin Sunan da Aikin da Ke Bayansa

Mawaƙi kan shigo situdiyo da filasha a hannu ya ce, "Oga, a haɗa min albam." Kalmar ta Turanci ce, amma su ma Turawan aro suka yi daga Latin, inda "albus" ke nufin fari. A tsohuwar Rum, farin allon da ake rubuta sanarwar hukuma a kai shi ne "album". Daga baya sunan ya koma kan littafi mai fararen shafuka, irin wanda ake manna hotuna.

Faifan garmaho ne ya shigo da shi harkar waƙa. Faifai mai inci 10 da ke juyi 78 a minti ba ya ɗaukar fiye da minti uku da 'yan kai a kowane gefe, ga saurin fashewa kamar tangaran. Sai kamfanoni suka riƙa jera faya-fayai da yawa a cikin littafi mai aljifan takarda, sak albam ɗin hotuna. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da faifai mai juyi 33 da sulusi, gefe ɗaya ya haura minti 20. Aka bar littafin, sunan ya zauna.

Haɗa waƙoƙi su zama abu guda shi ne aikinmu, mu masu situdiyo, har gobe. Muna karɓar kowace waƙa a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, ba wadda aka yi ta turawa a WhatsApp har sautinta ya tsuke ba. Sai mu jera su, mu saurari ƙarshen wannan da farkon waccan, mu bar tazarar kusan daƙiƙa 2, ko fiye idan mai sanyi ce za ta biyo bayan ta rawa. Ƙarfin sauti muna ajiye shi wajen -14 LUFS, ma'aunin da manhajar sauraron waƙa ta Spotify ke daidaita waƙoƙi a kai, ƙololuwar sauti kuma, wato inda ya fi ƙarfi, ba ta wuce -1 dB (desibel, ma'aunin sauti). Hakan ne ke hana mai sauraro kai hannu kan ƙara ko rage murya a kowace waƙa.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne masu kwamfuta ɗaya a lungu da ke karɓar rabin kuɗi. Su danne waƙa da limita, wato manhajar da ke matse ƙololuwar sauti, har kalangu ya daina amo, ganga ta yi ta kakari, sannan abokin ciniki ya zo yana ciniki da mu da farashinsu. Mu kuwa albam ba ya fita sai mun ji shi a lasifikar situdiyo, a waya, a mota, da ƙaramar sifikar nan irin ta cikin Adaidaita Sahu, domin a can mafi yawan mutane za su fara jin sa.