Tabon da nake gogewa

Shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar hoto a ɗan shagona na Zango, nan Damagaram, kuma rabin aikin gogewa ne. Amarya ta ce a cire mata ƙuraje, saurayi ya ce a rage masa bille. In ba hoton katin ɗan ƙasa ba ne, sai in goge, in karɓi kuɗina.

Ran Juma'a ɗan yayata da ke jami'a ya zo caji, ya miƙo mini waya. "Kawu, ga abokan sana'arka, amma su tabo suke nema."

Hotunan dolfin ne. Ni ko teku ban taɓa gani ba, na ɗauka kifi ne, ashe shayar da 'ya'yansa yake, kuma dole ya leƙo sama ya shaƙi iska. Wannan leƙowar masu bincike ke jira cikin kwalekwale. Ba ruwansu da fuska. Fiffiken da ke tsaye a gadon bayansa suke ɗauka, don gefensa na baya siriri ne, yana yagewa wajen faɗa, ko cizon babban kifi, ko igiyar masunta, kuma inda ya ɓalle ba ya cikowa. Sai na tuna babanmu a kasuwar dabbobi, yana kama kunnen akuya ya ce ta gidan wane ce.

Wasu masu bincike, Bernd Würsig da matarsa Melany, sun wallafa aikinsu da wannan dabara a 1977, bayan sun bi dolfin a gaɓar Ajantina. A Sarasota ta Amurka kuwa tun 1970 ake bin garke guda, har an san kaka da jika. Kowane da lambarsa a kundi. In aka fita yau, sai a duba nawa ne tsoffin sani cikin waɗanda aka ɗauka, nawa ne baƙi, daga nan a ƙiyasta yawansu.

Abin da ya fi burge ni wahalar ce. Jariri fiffikensa sumul yake, sai ta uwar da yake maƙale da ita ake gane shi. Babba kuma ya ƙara sabon yagu, ka rantse wani ne. Ga dabba ba ta jin "tsaya, kalli nan", ga hasken rana a kan ruwa. Ni da ke ƙorafi in yaro ya ƙifta ido!

Da la'asar wani dattijo ya zo hoton fasfo, tsagarsa ta kakanni raɗau a kumatu. Na ƙara masa fitila ta gefen hagu don ta fito sosai.